Ƙanena mai aikin nutso ya dawo ƙafafu ba ƙarfi, ina zan nufa da shi?

Maman Biyu: Salamu alaikum. Ƙanena walda yake yi a ƙarƙashin ruwa can Fatakwal. Wata huɗu ke nan iska ta yanke masa, ya taso da sauri. Yanzu yana gida Bukuru, yana jan ƙafar dama, fitsari sai da roba. Mu sayar da fili mu kai shi ɗakin matsin iska, inda ake jinyar masu nutso da oksijin, ko mu ci gaba da gashi?

Ɗan Tudun Wada: Allah ya ba shi lafiya. Akwai mai ɗori a Bauci, hannunsa da albarka.

Tsohon Mai Nutso: Hajiya, ba karaya ba ce. A zurfi, naitirojin da ke cikin iskar da ake shaƙa na narkewa cikin jini, duk mita 10 matsi na ƙaruwa. In ka taso da gaggawa sai ya yi kumfa kamar an buɗe lemon kwalba, ya toshe jijiyoyin laka. Ɗakin nan a awannin farko ya fi amfani. Ni sai da na kwana biyu aka saka ni, kusan awa biyar ina shaƙar oksijin. Shekara tara yau, ba na jin tafin ƙafata. Na taɓa taka garwashi, sai ƙauri na ji. Kamfanin kuwa albashin wata biyu suka ba ni, suka ce Allah ya kiyaye gaba.

Nas Rayfield: A jirgi ya dawo? Hawa sama na ƙara kumfar, Jos kanta ta kai mita 1,200. Ku riƙe gashi, ku kula da tsaftar robar. Hoton asibiti na MRI dubu 90 muka yi.

Baban Yasmin: Wane dubu 90? 160 na biya a Abuja.

Ɗan Tudun Wada: Mu 'yan kan dutse me ya kai mu teku, ko dam ɗin Lamingo ba mu iya ba!

Nas Rayfield: Malam, mara lafiya ake magana. Kuma kada a bari mai ɗori ya taɓa bayan nan.

Ɗan Tudun Wada: Ke nas ce ai, ba likita ba.

Baban Yasmin: Ku bar wannan. An biya shi diyya? Akwai dokar diyyar ma'aikata tun 2010, amma 'yan kwangila ko takardar ɗaukar aiki ba sa bayarwa.

Maman Biyu: Wallahi Yaya, ko waya sun daina ɗauka. To filin fa?