Ƙiyasin COCOMO ya ninka lissafin masu aiki: ina kuskuren yake?

Assalamu alaikum masana. Tambayata kan COCOMO ce, wato dabarar Boehm ta ƙiyasta yawan aikin da rubuta manhaja zai ci. Manhajar ajiyar kaya ce ta shago, za a rubuta ta da harshen kwamfuta na Java. An ƙidaya ayyukanta da ma'aunin IFPUG (mai auna girman manhaja ta hanyar ba kowane aikinta maki) a matsakaicin nauyi: hanyoyin shigar da bayani 20 (maki 4 kowace), rahotanni 14 (maki 5), tambayoyi 15 (maki 4), rumbunan bayanai na ciki 7 (maki 10), na waje 3 (maki 7). Jimilla maki 301.

An ɗauki layi 53 na rubutun manhaja ga kowane maki, ya ba da layi kusan dubu 16. Da aka zuba shi a COCOMO na 1981, na ƙaramin aiki, wato 2.4 sau 16 mai ƙarfin 1.05, sai ga wata 44 na aikin mutum ɗaya, wa'adi wata goma da rabi, mutum huɗu. Su kuwa masu rubuta manhajar sun dage wata 20 na aikin mutum ɗaya ya isa.

Zargina yana kan layukan. Kusan rabinsu Spring da Hibernate (shiryayyun kayan rubuta manhaja da Java) ne za su ɗauke su, alhali dabarar Boehm ta ginu ne kan ayyuka 63 na zamanin tsofaffin harsunan kwamfuta, Fortran da Cobol.

Shin a rage waɗannan layukan da lissafin COCOMO na gyaran tsohon rubutu (kashi 40 na tsari, 30 na rubutu, 30 na haɗawa), ko a cire su gaba ɗaya? Kuma watan COCOMO awa 152 ne. Wataƙila lissafin masu rubuta manhajar bai haɗa da gwaji ba. Don Allah wanne za a fara dubawa?