Neman kalma: me za mu kira "évaluation" a rediyo?

Malamar Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Jibi zan shiga rediyo kan yadda malami zai gane ilimin ɗalibi yanzu da ChatGPT, manhajar nan mai rubuta amsar tambaya, ke yi wa yara aikin gida. Ina neman Hausar "évaluation". Jarrabawa ba ta yi mini ba, da an ambace ta hankalin iyaye sai ya tafi BEPC da bak, manyan jarrabawoyin kammala karatu. Ni kuwa ta yau da kullum cikin aji nake nufi.

Mushen Zango: Awon fahimta. Tun da abin nan ya fito ƙarshen 2022 takarda ta daina zama shaida. Yaro ya kawo rubutun Faransanci babu kuskure ko ɗaya, ka ba shi 18 bisa 20, ka kira shi gaban allo ya bayyana layi biyu daga ciki, sai ya tsaya sosa ƙeya.

Hajiyar Sabon Gari: Malama, kika ce awo a rediyo mata za su ɗauka awon ciki ne.

Alaramma: Ku ce "biyawa". A tsangaya ba ka wanke allo sai ka biya gaban malam da ka. Wace na'ura za ta shiga bakinka ta biya maka?

Mushen Zango: Allah gafarta malam, biyawa hadda ce, kuma ba wanda ya kai na'urar nan hadda. So muke yaro ya faɗi dalili, a sauya masa tambaya nan take, a ga ko zai tsaya da ƙafarsa.

Alaramma: Ai ku ƴan lakkwal komai ya fito daga allo rainawa kuke. Biyawa.

Ɗan jami'a: Baba, ba raini ba ne. Ni dai Malama in za ki ambaci fasahar su ChatGPT kar ki ce IA irin na Faransanci, ki ce ƙirƙirarriyar basira.

Hajiyar Sabon Gari: Wannan ta ƴan Najeriya ce. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma kullum Damagaram sai ta jira Kano ta raɗa suna?

Ɗan jami'a: Hajiya, wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Malamar Birni: Don Allah a bar Kano ta huta, jibi ne fa. Na ɗauki "auna fahimta", ban da awo. Tambayar baki gaban allo kuwa zan kira ta biyawa, sau ɗaya.

Alaramma: Sau ɗaya? To. Ki dai faɗa musu daga tsangaya ta fito.