Neman sunan Hausa ga "speculative fiction": dalilin da ya sa na tsaya a kan "adabin da-a-ce"

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta da masu nazari. Tun da matasanmu suka fara rubuta labaran da ake jin ƙamshin manga da anime na Japan a cikinsu, muke fama da rashin sunan da za mu kira wannan nau'in adabi da shi, domin abin da Turawa ke kira speculative fiction ya haɗa labarin kimiyya da na sihiri da na ban tsoro da na tarihin da aka karkatar da akalarsa, kuma ba mu da kalma ɗaya da ta rungume su duka. A tattaunawar da muka yi a kan haka kun kawo sunaye daban-daban, kuma a nan zan auna su sannan in kawo tawa shawarar. Game da "manga" da "anime" ba ni da doguwar magana. Sunaye ne na littafin labari cikin zane da fim ɗin zane mai motsi irin na Japanawa, kuma a bar su yadda suke. "Katun" ba za ta maye gurbinsu ba, tunda a kunnen Bahaushe katun abin yara ne, alhali da yawa daga cikin ayyukan nan ba don yara aka yi su ba.

Kafin a raɗa wa abu suna sai an san shi, don haka zan fara da ayyukan da suka fi tasiri a rubutuna. A cikin Fullmetal Alchemist, wanda Hiromu Arakawa ta zana daga 2001 zuwa 2010, an gina duniyar da masu ilimi ke iya juya wani abu ya koma wani, amma bisa doka guda, wato ba a samun komai sai an ba da abin da ya kai shi daraja. Wa da ƙane, Edward da Alphonse, suka yi yunƙurin dawo da mahaifiyarsu da ta rasu. Ba su samu biyan bukata ba, babban ya rasa ƙafar hagu, ƙaramin ya rasa gangar jikinsa baki ɗaya, sannan babban ya ba da hannun dama domin ya ɗaure ran ƙanensa a jikin sulke. Abin da ya kama ni shi ne, a tsawon juzu'i 27 marubuciyar ba ta janye wannan doka don ta tausaya wa yaran ba. Ko dutsen da ake cewa yana ba mai shi iko ba tare da biya ba, da aka bi diddigi sai aka tarar da rayukan mutane aka haɗa shi, kuma a ƙarshe sai da Edward ya sadaukar da ikonsa na juya abubuwa gaba ɗaya kafin ya karɓo jikin ɗan'uwansa.

Planetes na Makoto Yukimura, wanda ya fito daga 1999 zuwa 2004, ba sihiri a cikinsa ko kaɗan, amma aikinsa iri ɗaya ne da na farkon. Marubucin ya ɗauki matsalar da masanin sararin samaniya Donald Kessler ya yi gargaɗi a kanta tun 1978, ta tarkacen taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya, ya tambayi kansa su wane ne za su riƙa kwashe wannan shara idan zirga-zirga a sararin samaniya ta zama ruwan dare. Jarumansa leburori ne masu ƙaramin albashi a wajen shekarar 2075. Ɗaya daga cikinsu ya shiga aikin ne saboda wani ɗan ƙaramin noti ya bugi tagar jirgin da matarsa ke ciki ta halaka, ya ci gaba da laluben kamfas ɗinta a cikin tarkacen. Akwai kuma yarinyar da aka haifa a duniyar wata, shekarunta 12 amma tsawonta na babbar mace, kuma jikinta ba zai ɗauki nauyin rayuwa a doron ƙasa ba. Daga waɗannan biyu na koyi cewa marubucin irin wannan labari yana sauya abu ɗaya a tsarin duniya, sannan ya bi sakamakon da gaskiya har inda ya kai shi, ko da bai yi masa daɗi ba. Wannan ne ma'aunin da na auna duk kalmomin da aka kawo da shi.

Mafi yawanku "almara" kuka zaɓa, kuma na fahimci dalili, don tsohuwar kalma ce mai daɗin faɗi. Sai dai idan Bahaushe ya ce magana almara ce, yana nufin abin da hankali ba zai nemi hujjarsa ba. A almara aljani na iya ɗauke mutum daga gabas zuwa yamma cikin ƙiftawar ido, ba wanda zai tambayi abin da aka biya ko abin da ya biyo baya, kuma nan ne daɗinta yake. Idan muka sa labarin Arakawa a ƙarƙashin wannan suna, mun cire masa ƙashin bayansa, kuma mun gaya wa matashin da ke koyon rubutu cewa duk abin da ya ga dama yana iya faruwa a shafi na gaba. "Ƙagaggen labari" kuwa ya yi faɗi da yawa, domin littafin soyayya ma ƙagagge ne.

Wata 'yar uwa malamar makaranta ta kawo "adabin hasashe", kuma ita ce shawarar da na fi daɗewa ina juyawa, saboda ta fi kusa da lafazin Turancin. Malama, matsalar ita ce hasashe a bakinmu yana ɗauke da da'awar cewa abin zai faru, kamar hasashen damina ko na sakamakon zaɓe, kuma da aukuwarsa ake gane mai gaskiya. Akira na Katsuhiro Otomo, wanda ya fara fitowa a 1982 aka mayar da shi fim a 1988, ya sa labarinsa a Tokyo ta 2019 tana shirin karɓar gasar Olamfik ta 2020, kuma daga baya birnin ya samu izinin karɓar gasar a zahiri. Mutane sun yi ta mamaki, amma wannan dacewa ce kawai. Shekarar 2019 ta zo ta wuce ba tare da sauran abubuwan da ke cikin labarin ba, kuma darajarsa ba ta ragu ba. Bugu da ƙari, hasashe gaba yake kallo, ba zai ɗauki labarin da ya sauya tarihin da ya riga ya wuce ba. An kuma ambaci "ƙaddarawa", daga yadda muke cewa "mu ƙaddara cewa", kuma ma'anarta ta yi daidai, amma tana da kusanci da ƙaddarar da muka yi imani da ita, ba na son sunan adabi ya riƙa jawo wannan ruɗani.

Shawarata ita ce "adabin da-a-ce", guda ɗaya kuma "labarin da-a-ce". Hausa ta saba ƙulla suna daga jimla, kamar ka-ce-na-ce da faɗi-tashi da da-na-sani, don haka ginin ba baƙo ba ne. Babban amfaninsa shi ne sunan da kansa yana tilasta wa mai rubutu ya ƙarasa jimlar, domin duk wanda ya ce "da a ce" dole ya zo da "da kaza ya faru". Da a ce ruwan Tafkin Chadi ya dawo cikin dare ɗaya ya cika tsohon gurbinsa, da ina manoman da suka yi shekaru suna noma a busasshen gindinsa za su koma, wa zai raba rigimarsu da masunta, kuma yaya Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru za su yi da iyakokin da ruwa ya shanye? Wanda ya zauna ya amsa waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya ya riga ya samu littafi. Rassan ma suna fita cikin sauƙi: da-a-ce na kimiyya, na sihiri, na tarihi, na ban tsoro.

Wani malami ya tunatar da ni hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, inda aka hana mutum idan abu ya same shi ya ce da na yi kaza da kaza ya faru, domin "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Allah gafarta Malam, na karɓi tunatarwar hannu biyu. Fahimtata ita ce abin da aka hana shi ne "da" ta nadama da jayayya da hukuncin Allah a kan abin da ya riga ya auku, wadda mu ma muke kira da-na-sani muna cewa ƙeya ce. Ta labari kuwa irin wadda malaman fiƙihu ke amfani da ita ce idan suna ƙaddara mas'alar da ba ta faru ba domin su fitar da hukuncinta, kuma ina neman gyara daga masana idan akwai abin da ya kuɓuce a nan.

Akwai rauni ɗaya a rubuce da ya kamata a kula da shi. Idan aka bar karan ɗori aka rubuta "labarin da a ce", mai karatu zai ɗauka "da" ɗin nan ta "labarin da na ji" ce, ya tsaya yana jiran sauran jimlar. A baki ba a samun wannan, domin "da" ta sharaɗi ana jan wasalinta, ɗayar kuwa gajera ce. Saboda haka karan ɗorin wajibi ne.

Da wannan suna Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin tafiya sararin samaniya wanda ya fito a 1969, zai samu gidansa, Ruwan Bagaja da Ganɗoki kuma su ci gaba da zama a almara inda suka fi dacewa. Abin da ya rage shi ne 'yan uwa na Damagaram da Maraɗi da Sakkwato su gaya mana ko "da a ce" ce ta fi zama a bakinsu ko "in da a ce", kafin mu fara rubuta sunan a bangon littattafai.