Vespa gadon Baba da aiken kaka

Na-Gwale:
Bismillah. Jiya Hajiya ta aike ni, na fito da tsohuwar Vespata.

Kaka ta zo, ruwa ya ɗauke,
Hazo ya fara leƙo gari.
Na goge Vespa, gadon Baba,
Kik uku ta tashi, ba garari.
Dawanau na nufa awon gero,
Sabuwar sussuka, tas, fari.
Na ratsa Yankaba don kabewa,
Na sauka gida kafin la'asari.

Ɗan Boxer:
Kik uku? Kawu, ji tsoron Allah,
A Kurna mun gan ka kana turi.
Ka karkata ta don mai ya sauko,
Kana hura fulogi da sauri.
Hayaƙinta ya fi hazon kaka,
Har sauron unguwa sun yi hijira.

Anti Mai Ƙosai:
Wayyo cikina! Yaro ya gama da kai, Na-Gwale.

Malam Aruli:
Dakata tukun. Amsa-amon "ri" ne, ina "hijira" ta fito? Baitin nan ɗingishi yake.

Ɗan Boxer:
Malam, ka ga "la'asari" ka kau da kai don majalisarku ɗaya. A gidanku haka ake kiran la'asar?

Malam Aruli:
Larurar waƙa ce, an yarda a ja wasali. Ba a yarda a sauya amsa-amo a tsakiyar hanya ba. Kuma ɗangonka na ƙarshe ya zarce 'yan'uwansa tsawo, ƙirga gaɓoɓin ka gani.

Anti Mai Ƙosai:
Mu dai ta yi mana daɗi. Ka ci ma'auninka, Malam.

Na-Gwale:
Ku yi haƙuri, kwana biyu ba caji. Ɗan nan, tun 1946 ake ƙera ta a Italiya, sunan ma rina yake nufi. Karɓi:

Rina ce sunanta can Italiya,
Mai tsokanar rina ya kwan jinya.
Giya a hannu, safaya a ƙugu,
In na yi faci ba na kwana a hanya.
Boxer ɗinka ta mai gida ce, yaro,
Kullum balas, ba ka da ko taya.

Sarkin Majalisa:
Tafi! Haka manya ke yi. Malam Aruli, auna mana wannan.

Malam Aruli:
Lafiya lau take.

Ɗan Boxer:
Ai na sani.

Balas nake kaiwa, ban musa ba,
Gobe ta zama tawa, ba gado ba.
Taka fetur kaɗai bai ishe ta ba,
Sai da baƙin mai, ko ba haka ba?
Tun cire tallafi a 2023,
Aljihun Kawu bai huta ba.

Malam Aruli:
Shekara a cikin ɗango? Ta yaya za a rera wannan?

Ƙanwar Hajiya:
Ni ba mawaƙiya ba ce, amma a gidan nake.

Gero ya iso, tiya ta ragu,
Buhun ya huje tun kan titi.
Kabewa ta zo gida biyu, Yaya,
Kai kuma sai bayan magariba.
Daddawar da aka ce, ina take?

Anti Mai Ƙosai:
Na-Gwale, muna jira.

Malam Aruli:
Wannan kuwa ba amsa-amo ko ɗaya.