Neman kalmar Hausa: shaidar da ake ba mai daji idan ya kula da dajinsa

Mai Shirin Noma:
Assalamu alaikum, malamaina da iyayena. Ranar Alhamis da safe zan naɗi shirin noma na rediyo, kuma kashi na biyu na shirin ya shafi dazuzzukan Amurka, inda fiye da kashi ɗaya cikin uku na dajin ƙasar yake hannun iyalai da ɗaiɗaikun mutane. Akwai wani tsari mai suna American Tree Farm System da aka kafa a 1941, wanda duk mai daji da ya kai eka 10 yake iya shiga don ganin damarsa. Zai rubuta yadda zai riƙa sara da dashe da kare ruwa da namun daji, sannan ƙwararre ya zo ya duba, idan an samu ya cika ƙa'idoji a ba shi abin da Turawa suke kira certification, ya kafa allon ƙungiyar a bakin dajinsa. Wanda ya nuna niyya amma bai kai ga cika ƙa'idojin ba, ana ajiye shi a wani matakin farko da suke kira Pioneer. Abu uku nake nema kafin daren Laraba: sunan wannan shaida, sunan matakan nan biyu, da kuma sunan su masu dajin, domin ina gudun cewa "masu daji" a rediyo a wannan zamani da mai sauraro yake jin kalmar daji ya tuna da 'yan bindiga.

Malamar Hausa:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ga na farko, ki ce "takardar shaidar kula da daji", aikin binciken da ake yi kafin a bayar da ita kuma ki kira shi "tantancewa", domin kunnen mutane ya riga ya saba da kalmar tun daga tantance 'yan takara da ma'aikata. Ga masu dajin, "masu dazuzzuka na ƙashin kansu" ya fi "masu zaman kansu", saboda wannan na biyun ya fi dacewa da asibiti ko makaranta.

Tsohon Malamin Daji:
'Yata, shawarar Malama tana kan hanya, amma ki yi hattara da kalmar takarda. A Najeriya, tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 da ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, idan aka ce wa mutum takardar shaida game da fili, abin da zai zo masa a rai shi ne takardar mallaka. Wannan kuwa ba ta cewa dajin naka ne, ba kuma lasisin sara ba ce irin wadda muke yanka wa masu itace a ofis. Abin da take cewa shi ne wani wanda ba kai ba, kuma ba mai sayen katakonka ba, ya shiga dajinka ya gwada aikinka da rubutacciyar ƙa'ida, ya ga ka cika, kuma zai dawo, idan ka saki layi a karɓe ta. Duk kalmar da ba ta ɗauki wannan ma'ana ta dawowa da karɓewa ba, ta bar rabin maganar a baya.

Ya kamata kuma mai sauraro ya san daga ina abin ya taso. Bayan taron duniya kan muhalli na Rio a 1992 ya watse ba tare da yarjejeniyar da za ta ɗaure ƙasashe kan dazuzzuka ba, sai masu rajin muhalli da 'yan kasuwar katako suka kafa FSC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin wannan shaida, a 1993, wadda hedikwatarta take Bon ta Jamus a yanzu. Ƙananan masu daji na Turai suka ga tsarin ya fi dacewa da manyan kamfanoni masu kuɗin biyan masu bincike, shi ya sa aka kafa wata ƙungiyar mai suna PEFC a 1999, wadda aikinta amincewa da tsarin kowace ƙasa, kuma ita ce ta amince da wannan na Amurka a 2008. Saboda haka ni zan ce "shaidar kula da daji" kawai, a bar takarda.

Ɗan Kasuwar Katako:
Baba, ina neman afuwa, amma a kasuwa ba wanda zai ce haka. Satifiket muke cewa, kuma kowa ya gane, daga mai injin yanka har direban tirela. Ina kuma so Hajiya ta san cewa shaidar iri biyu ce. Akwai ta dajin, akwai kuma ta bin sawun katakon daga inda aka sare shi zuwa injin yanka zuwa masana'anta, don kada a cakuɗa shi da na sata, kuma sai an samu wannan ta biyun ake buga tambari a jikin kwali ko kujera. Idan za a yi wa ta farko suna, a yi wa ta biyu, ni kuwa "shaidar bin sawu" ta yi mini.

Mai Kishin Harshe:
Na karanta abin da aka rubuta, kuma abin da ya dame ni shi ne yadda muke gaggawar miƙa hannu ga baƙi alhali rumbunmu cike yake. Satifiket Turanci ne tsagwaronsa, ba sai an faɗa ba. Shaida kuma Larabci ce, daga shahada, haka ma hatimi da wasu za su kawo nan gaba. Hausa tana da kalmar da ta yi daidai da bayanin da Baba ya yi, wato ganau, wanda ya je ya gani da idonsa, kishiyar jiyau. Tunda ruhin wannan tsari shi ne wani ya shiga daji ya gani, to mai binciken shi ne ganau, aikinsa kuma ganauci, kamar yadda muke da alƙalanci da dillanci. Dajin da aka duba aka yarda da shi sai a ce ya samu ganauci. Ga matakai kuwa, muna da su a tsangaya tun kafin Turawa su san hanyar ƙasar nan: kolo, titibiri, gardi, har zuwa alaramma da gwani. Me zai hana a kira mai matakin farko kolon daji, wanda ya cika ƙa'ida kuma gwanin daji? Na daɗe ina kawo ganauci a wurare irin wannan, kuma ban ga wanda ya kawo hujjar nahawu da ta rushe shi ba.

Malamar Hausa:
Malam, ginin kalmarka ba shi da aibi a nahawu, kuma ganau kalma ce mai kyau. Amma idan za mu kori shaida saboda asalinta, sai mu kori alƙalanci da ka kafa hujja da shi, domin alƙali ma daga Larabci yake, haka dillali, haka alaramma da ka kawo da kanka. Kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin Bahaushe, ta haifi shaidu da shaidawa, ta zama tamu. Matsalar ganauci ita ce Hajiya tana da mintuna kaɗan a iska, kuma manomin da ke sauraro ba zai iya tsayar da rediyo ya tambayi ma'ana ba. Game da kolo kuma, ba na jin dattijon da ya gaji daji daga kakansa zai so a kira shi da sunan ƙaramin almajiri.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaishe ku daga wannan ɓangaren iyaka. Kullum idan aka zo irin wannan zance sai a yanke hukunci da kunnen Kano da Kaduna, a manta cewa rediyo ba ya tsayawa a Jibiya. Mu nan satifiket ba kalmarmu ba ce, kuma da hekta muke awo, saboda haka Hajiya ta ƙara da cewa eka 10 wajen hekta 4 ke nan. A kan masu daji kuwa, mu muna da abin faɗa. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna rage rassa suna rainon mafi ƙarfi, har aka farfaɗo da itatuwa a fili da ya kai wajen hekta miliyan 5, gawo a kan gaba. Sunan da manoma suka san aikin da shi shi ne sassaben zamani, kuma ya zauna ne domin an ɗora shi a kan sassabe da kowa ya sani. Abin ya kankama ne lokacin da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikatan daji ba. Don haka ni a ganina kalmar da za a zaɓa ta fito da mallaka ƙarara. Ina ba da shawarar "masu gandun itatuwa", domin gandu asalinsa gonar gida ce da iyali suke nomawa tare ƙarƙashin maigida.

Mai Kishin Harshe:
Ɗan'uwa na Maraɗi ya taimake ni ba tare da ya nufa ba, domin sassaben zamani ƙirƙira ce, kuma da an bi ra'ayin Malama da an ce manomi ba zai gane ba. Abin da yake ci mini rai shi ne mun yarda Bature ya ƙirƙiri kalma mu haddace ta har mu yi alfahari da iya furta ta, amma idan Bahaushe ya ƙirƙira sai a ce lokaci ya ƙure. Jamusawa suna tinƙaho da cewa wani jami'insu, Hans Carl von Carlowitz, shi ya fara rubuta ma'anar sara gwargwadon abin da daji zai iya mayarwa, a 1713, kuma kalmar da ya yi amfani da ita ta harshensu ce, bai aro ta daga Faransa ba. Mu kuma sai yaushe? Idan gidajen rediyo ba su ɗauki nauyin shigar da sababbin kalmomi ba, wa zai ɗauka?

Malamar Hausa:
Ba wanda ya raina ƙirƙira a nan, Malam, kuma ban ji daɗin a ce wanda ya ƙi ganauci ya ƙi Hausa ba. Sassabe da zamani duk kalmomi ne da manomi ya sani kafin a haɗa su, wannan shi ne bambancin.

Tsohon Malamin Daji:
Ku yi haƙuri mu koma kan bukatar yarinyar nan. Gandun itatuwa yana da daɗin ji, amma a Najeriya "gandun daji" ya riga ya zama sunan dajin gwamnati da aka keɓe, irin Falgore da Kamuku, kuma ina tsoron mai sauraro zai ji gandu ya ɗauka na hukuma ne. "Gonar itatuwa" ta fi kusa da sunan tsarin na Amurka, sai dai tana sa a zaci duk dashe ne a jere, alhali da yawa daga cikinsu daji ne da ya tsiro da kansa. A kan matakai, tsanin tsangaya bai dace ba saboda wani dalili dabam da na Malama: a tsangaya mutum ake aunawa, kuma gwani ba ya komawa kolo, a nan kuwa aikin da ake yi a dajin ake aunawa, kuma ana iya saukowa. Ki ce "matakin share fage" da "matakin cikakkiyar shaida". Idan lokaci ya ba ki dama, ki ambaci shaidar haɗin gwiwa, inda ƙananan masu daji da yawa suke shiga ƙarƙashin shaida guda su raba kuɗin bincike, a riƙa zaɓen wasu daga cikinsu ana dubawa. Da wannan hanya ce mafi yawan dajin Finlan, inda iyalai suke riƙe da fiye da rabinsa, ya shiga tsarin PEFC, kuma ita ce za ta fi ba manomanmu ma'ana, tunda ba mai ƙaramin fili da zai iya ɗaukar kuɗin mai bincike shi kaɗai.

Mai Shirin Noma:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan shiga ɗakin naɗi da shi: shaidar kula da daji, tantancewa, matakin share fage, matakin cikakkiyar shaida, shaidar bin sawu, da shaidar haɗin gwiwa. Zan faɗa a fili cewa ba takardar mallaka ba ce kuma ana iya karɓe ta. Mai binciken zan kira shi mai tantancewa, amma a karon farko zan bayyana shi da cewa ganau ne ba jiyau ba, domin wannan bayani na Malam ya fi kowane saurin shiga kunne. Sunan masu dajin ne har yanzu ban samu natsuwa da shi ba, don haka a wannan makon zan ce "iyalan da suka mallaki dazuzzukansu".

Mai Kishin Harshe:
Na karɓi ganau a matsayin rabin biya, amma ban janye ganauci ba, kuma ina roƙon a rubuta shi a jerin kalmomin da aka gabatar ko da ba a zaɓe shi ba.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, "iyalan da suka mallaki dazuzzukansu" jimla ce, ba suna ba, kuma idan ta zo sau biyar a shiri ɗaya za ta gajiyar da ke. Baba ya kawo hujjarsa a kan gandu, amma a wajenmu kalmar ba ta rikiɗe ta zama ta gwamnati kaɗai ba, saboda haka ina nan a kan "masu gandun itatuwa". Idan masu sauraro sun bugo waya bayan shirin, ki tambaye su wanne suka fi ganewa, kuma ki tabbata kin tambayi na ɓangarorin iyaka biyu.