Himma ce ke tura mutum ko yunwa?

Bashir: Salamu alaikum, 'yan zaure. Akwai wani masanin falsafa Bajamushe, Nitshe, ya rasu a 1900. Cewa ya yi mai rai ba tsira kawai yake nema ba. Akwai abin da ke cinsa a ciki, yana so ya ƙaru, ya fi ƙarfin kansa na jiya. Ni dai na gamsu.

Kawu Idi: Ɗana, wanda ya ƙoshi ne ke wannan magana. Zo Gadarif, a Sudan, lokacin yankan riɗi ka tambayi leburori me ya tashe su da asuba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Bashir: Allah ya ja kwana, Kawu. To kakanninmu fa? Bayan yaƙin Burmi a 1903 suka bar gonaki da rumbuna, suka bi Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru a ƙafa, har aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar a Sudan. Yunwa ce ta fitar da su?

Malama Hajara: Bashir, kar ka haɗa hijira da zancen Baturenka. Su sun bar mulki ne don Allah, shi kuwa ƙarfi yake yabo. Kuma abin da ke cikin mutum ba kullum sama yake tura shi ba. Duba Suratu Yusuf, aya ta 53: rai mai yawan umarni ne da mummuna. In aka sake masa linzami, rami zai kai ka. Sai an hore shi kamar ɗan maraƙin huɗa.

Sale: Ba Nitshen ne ya haukace a 1889 ba? Mai koyar da mallakar kai!

Malama Hajara: Kai Sale, ciwo ba hujja ba ne. Bar wannan.

Bashir: Na gode, Malama. Amma ai rai mai zargin kansa, wanda Allah ya rantse da shi a Suratul Ƙiyama, shi ma a ciki yake. Wa ya dasa shi? Hadisin Buhari ya ce mai ƙarfi shi ne mai mallakar kansa yayin fushi. Ashe iri na nan, tarbiyya ban-ruwa ce kawai.

Malama Hajara: Iri na nan, ciyawa ma na nan, kuma ta fi shi saurin fitowa.

Kawu Idi: Yanzu kun zo gonata. Sai dai mai noman ma sai ya karya kumallo. Bashir, in an yi hutu fartanya na jiran himmarka.