Yaron da aka kawo da dare tafin hannunsa fari fat: yaya kuke yi kafin mota ta zo?

Majo (babban malamin jinya), wata CSI (ƙaramar asibiti) a karkarar Gidan Runji:
Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da aiki. Mun shiga Satumba, kowa ya san halin da ake ciki: hatsin bara ya ƙare a rumbu, sauro kuma ya cika gari. Shekaranjiya wajen ƙarfe 2 na dare aka kawo mini yarinya ƴar wata 20 bisa amalanken shanu. Na haska tocila, na jera tafin hannunta da na uwarta, nata fari fat kamar an wanke, alamar ƙarancin jini. Tana numfashi sama-sama, gwajin gaggawa na TDR ya nuna zazzaɓin cizon sauro, awon dantse ya faɗa ja, wato tamowa mai tsanani. Na san jini take buƙata, ni kuwa ba ni da shi, motarmu kuma ta tafi da mai naƙuda. Awa ukku muka yi muna jira. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah kowa ya faɗi abin da yake yi cikin irin wannan jira.

Malamar jinya, sashen CRENI (inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani), Maraɗi:
Sannu da ƙoƙari, Yaya Majo. Mu da muke karɓarsu, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yaro mai tamowa ya iso an rataya masa ruwa yana gudu. Na san tausayi ne ke sa haka, ni ma na taɓa yi a shekarata ta farko, sai da na ga fatar idon yaron ta kumbura, numfashinsa ya ƙara sauri. Zuciyar mai tamowa ba ta da ƙarfin ɗaukar ruwa mai yawa. In ba ƙarfin bugun jininsa ne ya faɗi ba, wato hannu da ƙafa sun yi sanyi, bugun jijiya ya raunana, kar a sa masa ruwa a jijiya.

Ni abin da nake roƙo, a fara da sukari. In yana iya haɗiya, a ba shi mililita 50 na ruwan sukari kashi 10 cikin 100, in ba ya iyawa a bi ta bututun hanci. A ɗora shi a ƙirjin uwarsa a lulluɓe su tare, don sanyin asubar damina na kashe waɗannan yara shiru. Sannan allurar artesunate ta farko, ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: miligiram 3 kowane kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba. Kuma don girman Allah a rubuta ƙarfe nawa aka yi ta a takardar turowa! Ta biyu bayan awa 12 ce, ta ukku a awa 24. In babu lokaci a rubuce, sai mu riƙa tambayar uwa ko kafin kiran assalatu ne ko bayansa.

Mai aikin labo (ɗakin gwajin jini):
Majo, ka turo yaro da mai ba da jini, shi ne kawai kukana. Kullum uwa da kaka ke rakowa, maza na gona. Uwar tana shayarwa, ita kanta jininta bai isa ba, kaka kuma shekaru sun ja. Muna son wanda ya cika shekara 18, ya kai kilo 50. Ko an samu, sai an gwada rukunin jini, an duba ƙanjamau, ciwon hanta na B da C da tunjere, duk lokaci ne. Leda guda wajen mililita 450 ce, mai tamowa kuwa mililita 10 kowane kilo ake sa masa a hankali cikin awa ukku, ka ga mutum ɗaya na iya ceton yara fiye da ɗaya.

Wani uba ya taɓa riƙe hannuna yana cewa in an ɗebi jininsa da me zai yi girbi. Ban yi masa faɗa ba. Na naɗe hannun rigata na nuna masa tabon allurar da aka yi mini wata huɗu da suka wuce, na ce ga ni tsaye. Ya kwanta aka ɗiba.

Rele (mai faɗakarwa kan lafiya a gari), wani ƙauye kusa da Madarunfa:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba malamar asibiti ba ce, gida-gida nake bi. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauron nan na CPS da ake rabawa tun 2013, na yara daga wata 3 zuwa 59, kowane wata daga Yuli zuwa Oktoba, na ranar farko a gabanmu ake sha. Matsalar tana ga na kwana na biyu da na ukku da muke bar wa uwa. Bara na shiga wani gida na tarar da ƙwayoyin wata biyu cikin kwanon jere, an ƙulle su a tsumma. Matar ta ce yaron lafiyarsa lau, ta ajiye sai ranar da ya kwanta. Ba sakaci ba ne, tattali ne irin na wanda ya san rashi. Tun daga nan nake komawa washegari da hantsi, ko da leƙawa ce. Ina kuma koya musu awon dantse: kore lafiya, rawaya a zo a gani, ja, wato ƙasa da milimita 115, a taho yau. Dabarar jera tafin hannu ta Majo ban taɓa nuna musu ba, gobe zan fara.

Ungozoma mai ritaya, Tasawa:
Ƴaƴana, ku riƙa buɗe bakin yaron kuna dubawa. Sau da yawa kafin a zo gare mu an biya wurin wanzami an cire beli, jinin da ya rage kaɗan ya ƙara zuba. In kun gani kar ku ɗaga wa uwa murya, ba ita ke yanke shawara a gidan ba. Ku nemi kakar, ku gaishe ta da kyau, ku zaunar da ita. Kuma ku faɗa musu tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin ganin likita, don wasu tsoron kuɗi ne ke sa su kwana ukku a gida.

Majo:
Na gode Inna, na gode kowa. Malama, sukari da allura na yi, amma ban rubuta lokacin ba, na karɓi wannan gyara. Ranar Juma'a bayan salla zan zauna da liman da maigari, mu rubuta sunayen samarin da suka yarda a tashe su ko da tsakar dare, har da masu kabu-kabu biyu da za su kai su. Malam na labo, in na tara mutum 20, za ka iya zuwa ranar kasuwarmu ka gwada musu rukunin jini?

Mai aikin labo:
Ka tara su, ka sanar da ni kwana biyu kafin ranar. Zan nemi izini in zo da kayan gwajin, in sha Allah.